Doguwar Hanyar Zama Lauya Daga Zamfara

A Najeriya digirin shari'a kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Sai ya yi shekara biyar a jami'ar da Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta amince da ita, sannan ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi da aka kafa a 1962, ya yi kusan shekara guda, ya ci jarrabawar ƙarshe, kafin a sa masa hular lauya. Difilomar shari'a, duk da amfaninta a kotunan Musulunci, ba ta isar da mai ita wannan mataki.

Inda gizo ke saƙa a 'yan shekarun nan shi ne gurbi. Majalisar ta yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, domin makarantar lauyoyin mazauni bakwai kawai gare ta, kuma na Bagauda a Jihar Kano ne kaɗai a Arewa maso Yamma. Amma jami'o'i sun yawaita, iyaye na burin a kira ɗansu barista, kuɗin rajista kuma na da zaƙi, sai wasu jami'o'in suka riƙa ɗiba fiye da ƙima. A 2023 majalisar ta hana Jami'ar Baze da ke Abuja ɗaukar ɗaliban shari'a na shekara biyar. A Janairun 2025 hukumar JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a jami'o'i takwas, har da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil.

Tsaurin yana da hujja. Wanda zai tsaya kare ran wani ko gonarsa a gaban alƙali bai kamata ya zama ɗan dagaji ba. Sai dai laifin jami'a ɗalibi yake faɗa wa: ya gama karatu, ya zauna gida da takardarsa a akwati, yana jiran gurbin da aka riga aka cinye.

Ɗan Zamfara kuwa nauyinsa biyu ne. Tun daga sakandare ake neman kiredit a Turanci da Adabin Turanci, ga shi bashin da jihar ta ci na WAEC da NECO ya sa an riƙe sakamakon ɗalibai shekara da shekaru, kafin gwamnatin Dauda Lawal ta biya. Wanda ya tsallake wannan, in Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya samu, ta Bunguɗu zai bi zuwa Sakkwato. In Zariya ce ko Kano, ta Tsafe zai ratsa zuwa Funtuwa. Uwar da ta ji labarin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Sabon Gida a Satumban 2023, ba za ta saki 'yarta kan waɗannan hanyoyi da daɗin rai ba.

Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a 1999 ta fi kowa bukatar lauyoyin da suka san fiƙihu da dokar ƙasa, suke kuma jin harshen matar da ta zo neman gadonta. Sassauta ƙa'ida ba zai samar da su ba. Abin da zai samar da su shi ne malaman adabi a sakandaren Tsafe da Bunguɗu, da tallafin karatu da ke fita a kan lokaci ga masu shiga Bagauda. Uba kuma, kafin ya sayar da buhun masara ya biya rajista, ya fara tambaya: jami'ar nan an amince da ita, kuma ɗalibai nawa aka yarje mata?