Zaɓen NFL na 2025: ɗaliban da aka yi wa kallon zakaru, da miliyoyin da suka jira su

Daga ranar Alhamis 24 zuwa Asabar 26 ga Afrilun 2025, ƙungiyoyi 32 na gasar ƙwallon Amurka ta NFL sun hallara a birnin Green Bay na jihar Wisconsin, domin zaɓar sababbin ƴan wasa daga jami'o'i. A agogon Nijar, an fara da ƙarfe 1 na dare, wayewar Juma'a.

Tsarin ya bambanta da cinikin ƴan wasa na ƙwallon Turai, inda mai kuɗi ke kwashe gwanaye. A nan ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, zakara kuma ta zo ƙarshe. A 2025 Tennessee Titans, wadda ta ci wasa 3 kacal cikin 17 a kakar 2024, ita ce ta kasance a sahun gaba. Zagaye bakwai ake yi, a 2025 an ɗauki mutum 257, kuma dole ɗan wasa ya cika shekara uku da gama sakandare.

Lambar da aka kira mutum ita ke yanke albashinsa. Caleb Williams, na farko a 2024, ya sa hannu da Chicago Bears kan kusan dala miliyan 39 da rabi na shekara huɗu, wato sama da biliyan 20 na sefa. Wanda aka ɗauka a zagayen ƙarshe kuwa, abin da ke cikin takardarsa bai wuce wajen dala miliyan 4 ba, kuma akasarinsa ba lamunce ba ne: in aka sallame shi, ya tafi ke nan.

Kafin zaɓen, wanda aka fi hasashen zai zo na farko shi ne Cam Ward, jagoran kai hari na jami'ar Miami a lokacin. Da ya gama sakandare, manyan jami'o'i ba su kula shi ba, sai ƙaramar jami'ar Incarnate Word ta jihar Texas ta ɗauke shi. Daga can ya koma Washington State, sannan Miami, inda a 2024 jifarsa 39 ta kai ga ci.

Travis Hunter na Colorado, wanda ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a, ya yi aikin mutum biyu a jami'a: yana cafe ƙwallo a hari, yana kuma tsaron baya. A 2024 ya cafe 96, ya kuma ƙwace huɗu daga abokan hamayya. Abin da ƙungiyoyi suka riƙa aunawa kafin zaɓen shi ne ko jikinsa zai jure wannan nauyi a tsakanin ƙwararru.

Ashton Jeanty na Boise State ya fara wasan sakandare a Italiya, inda mahaifinsa ke aikin sojan ruwan Amurka. Ya ruga da ƙwallo yadi 2,601 a kaka guda, saura yadi 27 ya kamo tarihin da Barry Sanders ya kafa a 1988. Sai Abdul Carter na Penn State, mai farautar jagoran hari, wanda ya kayar da su sau 12. Cikin masu tushe a Afirka akwai Emeka Egbuka na Ohio State, ɗan wani ɗan Najeriya, wanda ƙungiyarsa ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025.

Wanda ya fi raba kan masu sharhi kafin zaɓen shi ne Shedeur Sanders, ɗan Deion Sanders, tsohon tauraro wanda ya kasance kocinsa a Colorado. Wasu sun yaba saitin jifarsa, wasu sun ce yana daɗewa da ƙwallo a hannu har a kayar da shi.

Hasashen masana dai ya sha faɗuwa. JaMarcus Russell, na farko a 2007, kaka uku kawai ya yi aka sallame shi. Tom Brady kuwa sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi a 2000, ya kuma ci kofin Super Bowl sau bakwai. Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe a 2022, amma ya kai San Francisco wasan ƙarshe a Fabrairun 2024. Saboda haka masu bin gasar da gaske ba sa kashe talabijin bayan daren farko, har zagayen ranar Asabar suke kallo.