Tafkin Walden: Wurin Halwa da Ya Zama Mahaɗar Jama'a

A ƙasar Amurka, ban da manyan gandaye da gwamnatin tarayya ke riƙe da su, kowace jiha tana da wuraren da ta keɓe wa jama'a, waɗansu saboda kyan halittarsu, waɗansu kuwa albarkacin wani ma'abucin alƙalami da ya taɓa zama a cikinsu; a kashi na biyun nan da wuya a sami wanda ya kai Tafkin Walden shahara, wanda ke gefen garin Concord a jihar Massachusetts, kimanin mil 20 daga Boston.

Nan ne Henry David Thoreau, yana ɗan shekara 27, ya tare ranar 4 ga Yuli, 1845, cikin wani ɗaki mai tsawon ƙafa 15 da faɗin ƙafa 10, wanda ya gina da hannunsa a filin amininsa Ralph Waldo Emerson, bai kuwa ci masa dala 29 ba. Muradinsa shi ne ya jarraba gwargwadon abin da zai wadaci ɗan Adam in ya lizimci ƙana'a, ya bar sauran lokacinsa ga karatu da tafakkuri. Ya noma wake, ya zura igiya da dutse ya auna zurfin ruwan, ya sami ƙafa 102, ya rushe camfin masu cewa tafkin ba shi da iyaka. Halwar tasa dai ba ta yanke shi da duniya ba, domin jirgin ƙasa na ratsawa ta gefen ruwan, shi kuma yakan shiga gari, har a Yulin 1846 ya kwana ɗaya a kurkuku saboda ya ƙi biyan haraji ga hukumar da ta halatta bauta. Ya tashi ranar 6 ga Satumba, 1847, littafinsa mai suna Walden kuwa ya fito a 1854.

A 1922 iyalan Emerson da Forbes da Heywood suka ba da filin wakafi, bisa sharaɗin a bar shi ga jama'a su yi iyo, su kama kifi, su shaƙata. Sai al'amari ya juya: wurin da ya yi suna da kaɗaici ya cika maƙil da masu ziyara, ƙafafu suka zaizaye gaɓar ruwan, har ya zama tilas hukuma ta ja waya a gefen hanyar da ta kewaye tafkin, ta kuma ƙayyade cewa kada a wuce mutum 1,000 a lokaci ɗaya, da an cika adadi sai a rufe ƙofa.

Saboda haka masu basira sukan jinkirta zuwansu sai ƙarshen bazara, watau daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, sa'ad da ruwa bai huce ba tukuna, yara sun koma makaranta, cunkoso ya lafa. A lokacin mutum zai sami sukunin leƙa kwatankwacin ɗakin da aka gina, da gadonsa da teburinsa da kujeru uku, sa'an nan ya taka zuwa ainihin kufan, wanda Roland Robbins ya tono a 1945, inda tun 1872 maziyarta ke ɗora dutse kan dutse. Wanda ya karanta littafin kafin ya tafi, lalle ya fi mai zuwa iyo kaɗai riba, domin shi zai gane cewa ƙayyade adadin nan da hukuma ta yi ɗabbaƙa darasin ƙana'a ne da mai ɗakin ya koyar.