Makarantar Mazaje a Damagaram

A ƙauyuka da dama, mace mai ciki ta san alamomin haɗari sarai, domin ta ji su wurin awo: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, doguwar naƙuda. Amma sani daban, zuwa asibiti daban. Maigida ne ke ba da izinin fita, kuma kuɗin mota ko amalanke a aljihunsa suke. In ba ya gari, sai a zauna jiransa, jini na zuba.

Tun a 1994, masu bincike Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka nuna cewa jinkiri iri uku ne ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon nan a cikin gida yake faruwa, inda likita ba ya da ta cewa.

Wannan ne ya sa Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, tare da hukumomin lafiya na Nijar, suka buɗe makarantun mazaje a jihar Damagaram a 2008. Ba aji, ba allo. Magidanta kaɗan ne da gari ya yarda da mutuncinsu, waɗanda matansu ke zuwa awo, suke zama a kai a kai da ma'aikatan lafiya. Sukan tambayi dalilin da ya hana matan unguwa kaza zuwa awo, ko abin da ya sa wata ta haihu a gida har ta jigata. Daga nan su fita majalisa, kasuwa da wurin suna, su yi wa 'yan'uwansu maza magana.

A ganina, hikimar tana nan. Magidancin da zai ji nauyin tattauna cikin matarsa da malamar asibiti, ba zai ƙi sauraren maƙwabcin da suke noma tare ba. Shi ne zai gaya masa cewa dakashi, nonon farko mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar, garkuwa ne ga jariri, kuma nono zalla ya wadatar har wata 6, ko da zafin bazara. Miji da ya gamsu zai iya lallashin mahaifiyarsa, wadda ita ce ke riƙe da jego.

Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Sai dai wayar da kai ba ta samar da jini ko ungozoma. Wanda ya ɗauko matarsa da tsakar dare ya tarar da asibiti a rufe, da wuya ya sake kawo ta, kuma duk majalisarsu sai ta ji labari kafin azahar.