Yadda Bakteriya Ke Samun Masauki a Saiwar Wake da Gyaɗa

Manoman kewayen Tamale, a arewacin Ghana, sun daɗe da sanin cewa gonar da aka noma wake ko gyaɗa bana takan yi wa masara kyau baɗi. Dalilin haka yana cikin saiwa. Idan aka tuge shukar, za a ga wasu ƙananan gudaji a jikin saiwarta. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira raizobiya suke zaune.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa sinadarin naitirojin ne, amma shuka ba ta iya amfani da shi yadda yake. Raizobiya ce ke juya shi ya zama amoniya, abincin shuka. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware wannan bakteriya a shekarar 1888.

Shigarta saiwar wake mataki-mataki ne. Da farko saiwa takan fitar da wani sinadari cikin ƙasa, kamar goron gayyata. Bakteriyar da ta dace sai ta amsa da nata sinadarin. Daga nan gashin saiwa ya lanƙwashe ya riƙe ta, a sami siririyar hanya da za ta bi zuwa ciki. Can ciki naman saiwar ya kumbura, gudajin ya fito. Ita gyaɗa, ta tsagar da ke gindin rassan saiwarta ake shiga. Shuka tana ciyar da baƙuwarta da sukari, baƙuwa tana biya da amoniya.

Sai dai kowace shuka da irin baƙuwar da take karɓa. Wake yakan sami tasa a ƙasar yankin. Waken soya kuwa asalinsa Sin ne, sau da yawa ba ya samun isasshiya. Saboda haka cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, kusa da Tamale, da shirin N2Africa da ya yi aiki daga 2009 zuwa 2019, suka koya wa manoma cuɗa iri da garin raizobiya kafin shuka, abin da ya fi buhun takin zamani araha.

Gwajin ba wuya. A tsaga gudaji ɗaya da farce: idan cikinsa ja-ja ne, bakteriyar tana aiki. Idan fari ne ko kore, babu abin da shukar ke samu daga gare shi.