Kalmar "Imply" da Yadda Ake Amfani da Ita

Mu Hausawa mun san hannunka-mai-sanda, wato isar da nufi ba tare da fitowa fili ba. Aikatau ɗinsa a Turanci shi ne "imply".

Ga misali. Manomin rani a Kura ya ce wa dillalin tumatir, "Taki ya yi tsada bana." Bai ce a ƙara masa kuɗi ba, amma nufinsa ke nan. Sai mu rubuta: "The farmer implied that the price was low." Mu lura, "that" ke bin kalmar, ko kuma suna: "His words implied a complaint." Ba a cewa "implied me".

Dillalin da ya gane kuwa, "infer" ya yi. Ɗalibai, mai magana ke "imply", mai sauraro ke "infer". Rikita su yana jawo asarar maki a jarrabawar WAEC.