TSOHON GWANI DA SABON MALAMI: LABARIN ROGER FEDERER

Akwai wata mas'ala wadda malamai da fatake suka daɗe da saninta, ko da yake kowa da fuskar da takan zo masa. In mutum ya gwanance a sana'arsa har ya yi suna, sa'an nan shekaru suka hau, kasuwarsa ta soma ja da baya, shin zai tsaya kan hanyar da ta kai shi inda ya kai, ko kuwa zai sāke zama gaban wani ya ɗauki sabon darasi? Gardin da ya haddace a hannun malami guda yakan saɓi buzunsa ya yi gabas, don wani gwani ya saurari tilawarsa ya tsinto masa gyaran da kunnen gida ya saba da shi har ya daina ji. Haka kuma madugun da ya shekara talatin yana bin tafarki ɗaya yakan nemi sabon jagaba in rijiyoyin hanya suka ƙafe. To, wannan mas'ala ta sami wani Bature, mutumin ƙasar Suwizalan, wai shi Roger Federer, gwanin wasan tanis, kuma yadda ya warware ta abin a tsaya a duba ne.

Mai karatu da ke Unguwar Tudu, ko Gwarzo, ko Kabo, wataƙila bai taɓa tsayawa bakin filin wannan wasa ba, ko da yake an daɗe ana yin gasarsa a birnin Kano, wadda ake kira Dala Hard Court, kuma wani ɗan Nijeriya, Nduka Odizor, ya taɓa kaiwa zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbildon ta Ingila cikin 1983. Saboda haka ga siffarsa a taƙaice. Fili ne mai tsawon ƙafa 78, an gitta raga a tsakiyarsa, tsayinta ƙafa 3 daga tsaka. Mutum biyu su tsaya, kowa a nasa gefe, kowa riƙe da mabugi mai kama da rariya, wanda ake kira raket, suna mayar wa juna 'yar ƙwallo. Wanda ya kasa mayarwa, ko ya buga ta fita iyaka, an ci shi. Ana yin wasan turmi-turmi kamar dambe. Kowane turmi yana da zubi, wanda ya riga kai zubi shida da rata shi ya ɗauki turmin, a manyan gasa kuwa namijin da ya riga cin turmi uku cikin biyar shi ne da nasara. Manyan gasa huɗu ne a shekara: ta Ostireliya, da ta Faransa wadda ake yi a kan jar ƙasa, da ta Wimbildon a kan ciyawa, da ta Amurka. Da yawan waɗannan kofuna ake auna darajar ɗan wasa.

FARKON JA DA BAYA

An haifi Federer a birnin Basel ran 8 ga watan Agusta, 1981. Ya ci Wimbildon karo na fari cikin 2003, daga nan kuwa ya shekara da shekaru ba mai tare masa gaba, har ya tara manyan kofuna 17 ya zuwa 2012. Amma shekarar 2013 ta zo masa da abin da bai saba ba. Ciwon baya ya matsa masa, wani ɗan ƙasar Yukiren da ba a san shi ƙwarai ba, Sergiy Stakhovsky, ya fid da shi daga Wimbildon tun a zagaye na biyu, kofi ɗaya tak ya ci a shekarar duka, ya gangaro zuwa na shida a jerin gwanayen duniya. Yana da shekara 32, kuma a wannan wasa mai shekara 32 dattijo ne. Masu rubutu a jaridu suka shiga ba shi shawara ya ajiye raket tun da sauran mutunci, tun da yake dukiya ya tara, suna kuwa ya yi.

Shi kuwa sai ya rabu da mai horar da shi, Paul Annacone, wanda suke tare tun 2010, ya kirawo Stefan Edberg, mutumin Suwidin, mai manyan kofuna shida, wanda Federer yake kallo yana sha'awa tun yana yaro. Edberg ya shahara da dabara guda, watau in ya buga ƙwallo sai ya ruga gaban raga ya tare ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, wasa ya ƙare nan da nan. Hikimar ɗauko shi a fili take. Tsohon ɗan wasa ba ya iya jure doguwar musaya da samari, wadda za a yi ta kai da kawowa sau ashirin ko talatin kafin a ci maki guda, saboda haka maganinsa shi ne ya gajarta ta. A wannan lokaci ne kuma Federer ya ajiye raket ɗinsa mai ƙaramin kai, mai faɗin inci murabba'i 90, ya ɗauki mai 97, domin mai faɗin kai yana yafe wa mai shi in bugu bai sauka daidai tsakiya ba.

Shekara biyu suka yi tare, 2014 da 2015. A cikinsu Federer ya ci kofuna 11, ya komo na biyu a duniya, ya taimaki ƙasarsa ta ci kofin Davis karo na fari cikin 2014. Amma babban kofi bai samu ba. Sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe, biyu a Wimbildon ɗaya a Amurka, sau uku ɗin nan kuwa Novak Djokovic, mutumin Sabiya, yana kayar da shi. Edberg ya koma gida ƙarshen 2015, sun rabu lafiya, an tayar da tsohon gwani tsaye amma ba a kai shi gaci ba tukuna.

ABOKIN KARAWA YA ZAMA MALAMI

Wanda ya gaji Edberg ya ba mutane mamaki. Sunansa Ivan Ljubicic, ɗan ƙasar Kuroshiya, wanda yaƙi ya kora daga garinsu Banja Luka cikin 1992 yana yaro, ya yi koyon wasansa a Italiya. Shekara biyu kaɗai ya girmi Federer, bai taɓa cin babban kofi ko ɗaya ba, iyakarsa na uku a duniya cikin 2006, kuma Federer ya kayar da shi sau 13 cikin karawa 16 da suka yi. Mutane suka ce, me wannan zai koya wa wanda ya fi shi? Amma Ljubicic yana da abin da Edberg ba shi da shi. Sai 2012 ya bar wasa, saboda haka ya kara da Rafael Nadal da Djokovic da hannunsa, ya san nauyin ƙwallonsu. Bugu da ƙari, ya shekara goma yana tsaye a ɗaya gefen raga yana neman inda Federer yake da rauni. Laifi tudu ne, mai shi ba ya ganin nasa, kuma ba wanda ya san ɓarakar mutum kamar wanda ya daɗe yana neman ya shiga ta cikinta.

Raunin kuwa sananne ne. Bugu iri biyu ne a wannan wasa, na gaban hannu da na bayan hannu. Federer yana yin na bayan hannu da hannu guda, alhali yawancin 'yan zamaninsa da hannu biyu suke yi. Nadal, mutumin Sifen, bahago ne a wasa, kuma yana murza ƙwallo ƙwarai, in ta daki ƙasa sai ta yi tsalle ta kai kafaɗa. Bugunsa mafi ƙarfi yana sauka daidai bayan hannun Federer, hannu guda kuwa ba shi da ƙarfi a saman kafaɗa. Dole Federer ya ja da baya, ko ya yanki ƙwallon ya mayar da ita a sanyaye, Nadal ya samu abin da yake so. Ta haka Nadal ya ci shi sau 23, shi kuwa ya ci Nadal sau 11 kaɗai, kafin 2017.

Shekararsu ta fari ba ta yi daɗi ba. Cikin Fabrairu 2016 aka yi wa Federer aiki a gwiwar hagu, ya komo bai warke sarai ba, ya faɗi a wasan kusa da na ƙarshe a Wimbildon, daga nan ya ce ya bar wasa har ƙarshen shekara. Ya fita daga cikin goman farko na duniya, abin da bai same shi ba tun 2002. Amma wata shidan nan sun zama alheri. Ɗan wasan da ke yawon gasa mako-mako ba shi da sukunin sake bugu, domin sabon bugu yakan lalace kafin ya gyaru, mai neman nasarar gobe kuwa tsohon da ya sani zai koma wa. Da hutu ya samu, sai aka dasa aiki a kan abu guda: ya daina ja da baya, ya tsaya bakin iyakar fili, ya tari ƙwallon tun tana tasowa daga ƙasa kafin ta kai kafaɗa, ya buge ta da ƙarfi a miƙe. Raket mai faɗin kan nan da ya saba da shi zamanin Edberg shi ya sa hakan ta yiwu.

Ran 29 ga watan Janairu, 2017, aka ga amfanin aikin a birnin Malbon na Ostireliya. Federer ya shigo gasar yana na 17 a duniya, ya kai wasan ƙarshe, ya tarar da Nadal. Kowa ya ci turmi biyu, a na biyar Nadal ya wuce gaba da zubi uku da ɗaya. Da a dā ne, an san yadda labarin zai ƙare. Amma Federer bai koma tsohuwar hanya ba, ya ci gaba da tarar ƙwallo da wuri, ya ci zubi biyar a jere, ya ɗauki kofi na 18 yana da shekara 35, bayan shekara huɗu da rabi ba babban kofi. A shekarar nan sau huɗu ya gamu da Nadal, sau huɗu ya ci shi. Ya ƙi zuwa gasar jar ƙasa don ya tattala gwiwarsa, sa'an nan ya ci Wimbildon karo na takwas ba tare da an ci shi ko turmi guda ba. Cikin Janairu 2018 ya sāke cin ta Ostireliya, kofi na 20 ke nan, cikin Fabrairu kuwa ya komo na ɗaya a duniya yana da shekara 36.

BA KOWANE SAUYI KE DA RIBA BA

Kada mai karatu ya zaci sauya malami laya ce. Djokovic kansa ya gwada. Cikin Mayu 2017, da nasara ta ƙi, ya sallami Marian Vajda wanda yake horar da shi tun 2006, tare da sauran mataimakansa, ya ɗauko Andre Agassi na Amurka, mai manyan kofuna takwas. Ba su cika shekara ba suka rabu, ba babban kofi ko ɗaya. Ashe cutar a gwiwar hannu take, sai da aka yi masa aiki farkon 2018. Da ya warke ya maido Vajda cikin Afrilu, ya ci Wimbildon da gasar Amurka a shekarar, ya ƙare ta yana na ɗaya. Har ila yau, cikin Nuwamba 2024 ya ɗauki tsohon abokin karawarsa Andy Murray, kamar yadda Federer ya yi da Ljubicic, amma suka rabu cikin Mayu 2025 ba su ci kofi tare ba. Nadal kuwa ya bi hanyar tsaka. Ya kawo Carlos Moya ƙarshen 2016, ya bar shi ya yi shekara guda tare da baffansa Toni wanda ya rene shi a wasan tun yana ƙarami, kana Toni ya janye. Daga manyan kofuna 14 ya kai 22 kafin ya bar wasa cikin 2024.

In an jera waɗannan labarai za a ga fa'ida uku. Ta fari, sauyin Federer ya yi amfani ne don an san cutar kafin a nemi mai magani: da ƙafa ta rage gudu aka nemo mai gajarta musaya, da bayan hannu ya zama ƙofar shiga aka nemo wanda ya san ƙofar. Djokovic kuwa ciwon jiki ya kai wa malamin dabara. Ta biyu, Federer bai rushe gidansa ba. Severin Luthi, wanda yake tare da shi tun 2007, ya zauna zamanin Annacone da Edberg da Ljubicic duka, haka kuma Pierre Paganini mai lura da ƙarfin jikinsa. Baƙon ido ya shigo, masu ɗaki da suka san inda yake yoyo suna nan. Ta uku, ita ce mafi wuya, mai kofuna 17 ya yarda ya karɓi gyara daga wanda ba shi da ko ɗaya. Attajirin da ya ƙi jin shawarar yaron shagonsa don yana ganin ya girme shi a kasuwa ya san abin da wannan yake nufi, haka kuma malamin da ɗalibinsa ya tsinto masa wasali.

Amma malami yana da iyaka. Cikin 2019 Federer ya kai wasan ƙarshe a Wimbildon, saura maki guda ya ɗauki kofi har sau biyu, Djokovic ya kuɓuce masa ya ci. Daga nan gwiwar dama ta tashi, aka yi mata aiki sau biyu cikin 2020, aka sāke cikin 2021. Wasansa na ƙarshe shi kaɗai a Wimbildon ne cikin 2021, inda Hubert Hurkacz na Folan ya ci shi turmin ƙarshe da shida ba ko ɗaya. Cikin Satumba 2022 ya yi sallama da wasa a birnin Landan, ya buga na bankwana shi da Nadal a gefe guda na raga, Ljubicic da Luthi kuwa suna tare da shi har ranar. Da ya bi shawarar masu jaridu cikin 2013, da ya tafi da kofuna 17. Ya tafi da 20, ukun ƙarshe duk bayan ya wuce shekara 35 ya ci su.