Siririyar kwamfuta tsakanin zafin bazara da ƙurar hunturu

Ranar da na fara fito da ita daga jaka a majalisarmu ta bayan la'asar a Ƙanƙara, wani dattijo da duk muke kira Baba ya karɓa, ya jinjina ta a tafin hannu, ya duba bayanta, sannan ya miƙo min ya ce, "Malam, an cuce ka. Ai murfin kawai suka ba ka, ina sauran?" Aka kwashe da dariya. Sai dai tambayar Baba ba ta wauta ba ce. Duk wanda ya saba da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, masu kaurin bulo da hucin murhu, dole ya tambayi inda nauyin ya tafi. Tun farkon 2021 nake yawo da wannan siririyar tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma yanzu na san inda sauran ya shiga. Wani abin fasaha ce ta rage shi, wani kuwa an cire shi ne don waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa kwana a ƙasar Ƙanƙara ba.

Ramar kwamfuta ta daɗe ana yinta. Osborne 1, wadda ta fito a Amurka a 1981 kuma ake lissafa ta cikin na farko da mutum zai iya ɗauka ya yi tafiya da su, ta haura kilo 10, wato kusan tiya huɗu ta masara. A Janairun 2008 Steve Jobs ya tsaya gaban jama'a a San Faransisko ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan ɗin takarda, daga nan sauran kamfanoni suka shiga tsere. Intel ta fito da nata tsarin sirara a 2011, Lenovo da Dell suka biyo da X1 Carbon da XPS 13 a 2012. A Nuwamban 2020 kuma Apple ta saki MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1, wadda ko fanka babu a cikinta, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Kafin a kai nan an zubar da kaya da yawa a hanya: wurin sa faifan sidi ya tafi, ma'ajiya mai juyawa ta ba wa wadda babu abin da ke motsi a cikinta wuri, batirin da ake zarewa da yatsa biyu ya koma ciki aka ɗaure shi da sukurori ko gam, kafofin jona kebur kuma suka ragu zuwa biyu ko uku.

Bari in fara da alherinta, don kada a ce ban gode ba. A ganina babban abin da siririyar kwamfuta ta zo mana da shi ba kyau ba ne, ba ma sauri ba ne, ƙarancin cin wuta ne. Don a samu a rage mata kauri, dole injiniyoyi suka ƙera mata ƙwaƙwalwar da ba ta zafi sosai, ita kuwa ƙwaƙwalwar da ba ta zafi ba ta zuƙar wuta. Idan rubutu kake yi ko lissafi, yawanci ba ta shan fiye da wat 10 zuwa 15, alhali kwamfutar tebur da allonta sukan haura wat 100. Bature ya nemi wannan ne don ya yi aiki a jirgin sama ba tare da ya nemi soket ba. Mu kuwa da wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo mu ba, mun fi shi cin moriyar abin. Ƙaramin faifan sola guda ɗaya da batirin da bai taka kara ya karya ba sun isa su riƙe ta. Waɗanda ake cajinsu ta ƙaramar kafar nan irin ta wayoyin zamani ma, babban fawabank mai isasshen ƙarfi yana iya tashinsu.

Wannan ba lissafin takarda ba ne. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta jihar Katsina ta fitar da dokar tsaurara tsaro wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Wanda ya dogara da janareta ya san abin da hakan ke nufi. Ba a jima ba aka hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomin da matsalar tsaron ta shafa. A waɗannan makonni abokan aikina masu manyan kwamfutoci, waɗanda batirinsu ba ya wuce awa ɗaya da rabi, suka naɗe su suka ajiye a ƙarƙashin gado. Ni kuwa cajin rana ɗaya daga solar maƙwabci yakan kai ni kwana biyu ina lallaɓawa. Haka aka sake yi bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da tayar da inji ya zama sai wane da wane, da kuma a Oktoban 2024, sa'ad da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Rashin nauyinta ma yana da amfanin da ba a faɗa a talla. A hanyoyinmu ba kowa ke son a gan shi rataye da jakar da ke shelar abin da ke cikinta ba. Wannan kuwa takan shige tsakanin littattafai a jakar buhu, ka hau bayan ɗan acaɓa ba wanda ya san da ita.

To amma a Satumban 2021 ne kuma na fara ganin ɗaya fuskar tata. Da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa da Malumfashi, aka yi ta zama babu sabis har zuwa Disamba, sai ta bayyana cewa an gina wannan na'ura ne bisa zaton intanet ba ta yankewa. Ma'ajiyarta ƙarama ce, don an ɗauka hotuna da takardunka suna can a rumbun kamfani a wata ƙasa, ka kira su lokacin da kake so. Wasu manhajoji da na biya kuɗinsu suka fara neman sai na hau intanet sun tabbatar ni ne mai su. Na taɓa yin tattaki zuwa Zariya ba don komai ba sai don in aika takardu uku in kuma sauke abin da kwamfutar ke ta naci a kai. Tun daga lokacin ba na barin wani muhimmin abu sai yana da kwafi a filashi ko a ma'ajiyar waje da ke cikin aljihuna.

Sai zafi. Nan ne maganar "ƙarfi" da masu sayarwa ke yi take bukatar a tsaya a kanta. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da ma'aunin zafi a jikinta. Idan aiki ya yi nauyi zafi ya kai wani mataki, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kwamfuta mai kauri tana da manyan fankoki da fili da iska za ta zaga, saboda haka takan daɗe tana gudu kafin ta sassauta. Siririya kuwa kamar dokin sukuwa take, ta fi kowa tashi, amma ba ta dogon zango. Apple da kanta ta rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinta a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano maras sili. Ma'ana, tun kafin ka kunna ta ka riga ka fita daga ƙa'idar masu ita. Na lura aikin haɗa bidiyon da take gamawa cikin sauƙi bayan sallar asuba, shi ne take jan ƙafa a kansa da azahar, har bayanta ya gagari cinya. Da bazara na mayar da duk aiki mai nauyi tsakanin asuba da hantsi. Ba na ɗora ta a katifa ko matashi ko darduma, don suna toshe kafofin iska; faifan tire na ƙarfe da na aro daga kicin ya fi min duk wani abin sanyaya kwamfuta da ake sayarwa.

Zafin nan kuma batir yake ci a hankali. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, musamman idan an bar shi a cike kullum a jikin caja. In ka ga wurin da ake shafa yatsa ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya ɗan buɗe baki, batir ne ya kumbura, kuma ba abin wasa ba ne.

Hunturu na zuwa da nasa. Ƙurar hazo laushi gare ta kamar garin bula, babu kafar da ba ta shiga. Tana taruwa a fanka ta zama kamar auduga, tana kuma shiga ƙarƙashin madannai. Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya dama: madannan da Apple ta yi amfani da su daga 2015 zuwa 2019, waɗanda aka matse don a rage kauri, ƙwayar ƙura ɗaya kan hana harafi fita, har ta kai kamfanin ya amince a 2022 zai biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Wannan a ƙasar da ba ta san hazo ba ke nan.

Inda tsugune ba ta ƙare ba shi ne gyara. Da batirin tawa ya gaza, na kai ta wurin wani matashin mai gyara a Funtuwa wanda hannunsa ke da kyau. Ya juya ta ya duba sukurorin, ya girgiza kai ya ce, "Malam, buɗewa ba matsala ba ce, amma irin wannan batirin ko a Kano sai an yi sa'a. Da irin ta ma'aikatan banki ce mai kauri, yanzu zan ɗauko maka a durowa." Gaskiya ya faɗa. Sai da aka yi cigiya a titin Beirut a Kano, daga can aka aika kasuwar kwamfutoci ta Ikeja a Legas, na yi mako uku ina jira, kuma kuɗin ya tashi da farashin dalar da ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Na tambaye shi ko zai ƙara min ram tun da an riga an buɗe, ya nuna min da bakin sukundireba cewa a like yake da allon uwa, yadda aka saye ta haka za ta mutu. A tsofaffin kwamfutoci, ram da ma'ajiya da batir kowanne zaman kansa yake, in ɗaya ya lalace a sauya shi. A yawancin sirara, lalacewar abu guda kan ja a ce sai an sauya allon gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ya kusa na wata kwamfutar ta hannu. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba banza ba Faransa ta wajabta tun Janairun 2021 a riƙa liƙa wa kwamfutocin tafi-da-gidanka maki da ke nuna sauƙin gyaransu.

Akwai kuma ƙananan haushi na kullum. Ka je shagon buga takardu, firintarsu tsohuwar kafa take nema. Ka je taro a sakatariya, majigin da ke wurin ba ya shiga jikinta. Dole ka riƙa yawo da wata 'yar jela mai kafofi, ranar da ka manta ta a gida kuwa ka zama ɗan kallo. Su kuma ƙ da ɗ da ɓ, da wuya ka ga kwamfutar da ta zo da su a fuskar madannanta, siririya ko mai kauri. A Windows sai ka shiga saiti ka ƙara tsarin rubutun Hausa, abin da ɗalibai da yawa ba su san yana nan ba.

An taɓa ƙoƙarin ƙera kwamfuta don irin ƙasarmu. Shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005 ya fito da 'yar koriyar na'ura mai jure ƙura da faɗuwa, wadda ake iya karanta allonta a tsakar rana, har aka gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Shirin bai yi nisa a Najeriya ba, amma ya nuna cewa abin da ake sa wa a gaba wajen ƙira zaɓi ne, ba dole ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne iyayen da nake gani suna sayar da buhunan masara da waken suya a kasuwar Ɗandume don su saya wa ɗa ko 'ya kwamfuta. Bukatar gaskiya ce: tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ya samu shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ba zai rabu da aikin rubutu da bincike ba. Amma yaro yakan zaɓi wadda ya gani a hannun wani a bidiyo, uba kuma ya biya don ba ya son a ce ya gaza. Mai haɗa fim ko zanen gine-gine yana da hujjar neman ƙarfi, shi ma mai fanka biyu ta fi masa. Mai yawan tafiya irina, wanda wuta ce babbar damuwarsa, siririya ta dace da shi, kuma in da zan sake saye ita zan sake ɗauka. Ɗalibin da rubutu da karatu ne aikinsa kuwa, matsakaiciya ta hannu irin ta ofis, wadda kayan gyaranta ke Funtuwa da Malumfashi, ta fi masa kwanciyar hankali. Sai dai a kula, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffi da yawa da ke cika kasuwa yanzu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba.

Saboda haka in ka shiga kasuwa, kafin ka tambayi kuɗi, ka sa mai shago ya nuna maka lafiyar batirin a kan allo, ka tambaye shi ko ram ɗin yana cira, ko yana da irin batirin a shagonsa yau, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar. In ya fara kame-kame, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba.